Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a daren nan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi. An yi suna, baƙi sun watse, an mayar da rumfa da kujerun haya, maijego tana gida tana shan kunun kanwarta. Sai yau na iya jin ƙarar waya gabana bai faɗi ba. Masu kira da masu saƙo, yawanku ya fi ƙarfin in bi ku ɗaya bayan ɗaya, ga amsarku a dunƙule.

Ba sai na maimaita labari ba, da ku aka yi. Kun san an sauka lafiya bayan isha'i, kun san jini ya ɓalle, kun ga cigiyar mai jini nau'in O negative tana yawo a WhatsApp da tsakar dare. Abin da ba ku gani ba shi ne abin da ya faru tsakanin ƙarfe biyu da kiran assalatu. Shi ne har yanzu yake tashe ni cikin dare, don haka bari in sauke shi a nan ko na samu barci.

Likita ta same ni a baranda, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce mahaifa ce ta ƙi tsukewa bayan fitar mabiyiya, jijiyoyi suna buɗe. Sun yi allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, sun ɗaura ruwa, suna ta murza cikin. Ta ce mace ta zubar da rabin lita bayan haihuwa ma abin tashi tsaye ne a wurinsu, wannan kuwa ta wuce lita ɗaya tuni. Mai O negative ba ya karɓar kowane jini sai irin nasa, leda ɗaya ce tak a ma'ajiya, an riga an ɗaura. Ni da ƙannena duk muka miƙa hannu, babu wanda nasa ya yi. Maza majiya ƙarfi a tsaye cikin sanyin Jos na watan Janairu, kowa da jini a jikinsa, ba mai amfani ko ɗaya.

Sai aka ce in shiga in gan ta. Wanda ya taɓa jinya ya san me ake nufi idan aka ce wa miji ya shiga a irin wannan lokaci.

Leɓenta ya yi fari, hannunta ya yi sanyi ƙalau. Idonta a buɗe yake amma ba ni take kallo ba, kusurwar ɗakin take kallo, wajen taga. Tana magana a hankali, da irin muryar da take yi wa manya. Na sunkuya na kasa kunne, sai na ji ta ce: "Inna, ki ɗan jira ni in ɗauko mayafina." Jama'a, Inna ta daɗe a maƙabartar Zaria Road. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Na yi wa gawa wanka, na shiga kabari na karɓi mamaci, ban taɓa jin abin da na ji a wannan ɗaki ba. Ga ƙarar na'ura, ga warin magani, ga takalman ma'aikata suna kai da kawo, duk abin duniya yana nan yadda yake. Amma wallahi a lokacin ji na yi tsakaninmu da wancan gida bai fi labulen da ke kewaye da gadonta ba. Ban ga kowa a kusurwar nan ba, ba kuma zan ce na gani ba. Na dai kasa juya mata baya.

Gwaggo tana daga kanta, ta fara laƙƙana mata kalmar shahada. Sista mai aikin dare tana ɗaya gefen riƙe da ledar ruwa, ta daka mini tsawa: "Malam, kira sunanta! Kada ka bari ta yi shiru!" Mata biyu, ɗaya tana shirya ta don tafiya, ɗaya tana janyo ta, kuma babu wadda zan ce ba ta da gaskiya. Ni da ban taɓa kiran sunanta gatsal a gaban manya ba, daren nan na kira shi har muryata ta dushe. Ƙanwarta ta fasa kuka daga bakin ƙofa, Hajiyarmu ta riƙe ta, ta ce kul, kada wanda ya furta mugun abu a nan, ai Manzon Allah (SAW) ya ce idan kun halarci mara lafiya ko mamaci ku faɗi alheri, domin mala'iku suna cewa amin a kan abin da kuke faɗa. Tsohuwar da ko boko ba ta yi ba, ita ta tuna mana hadisin da muka karanta a Islamiyya muka bari a littafi. Daga nan ba wanda ya ƙara cewa komai sai addu'a. Ni addu'ar Annabi Yunus kaɗai ta zauna a bakina, sauran duk sun gudu.

Can sai ta juyo da idonta kaina. Ta ce: "Abbansu, ta ce ba da ni za ta tafi ba. Wai in koma, yarinyar ko nono ba ta sha ba." Ta lumshe ido. Na ɗauka shi ke nan. Sista ta taɓa wuyanta ta ce tana nan.

A daidai wannan lokaci, ban sani ba, wani bawan Allah yana kwance a ɗakin ɗibar jini.

Ya roƙe ni kada in ambace shi. Ɗan'uwana, ka yi haƙuri, sunanka zan ɓoye amma aikinka ba zai ɓoyu ba. Mai walda ne a Gada Biyu, Kirista ne, cocinsu ɗaya da Baba maigadin asibitin. Baba ne ya ji ana ta O negative, O negative, ya tuna akwai wani a cocinsu da ake yawan nema saboda irin wannan jini, ya kira shi. Mutumin nan ya taso daga Kabong da ƙarfe biyun dare a tsohuwar motar aikinsa, ya ratsa shingayen jami'an tsaro, don matar da bai taɓa gani ba. Mu 'yan Jos mun san nauyin wannan. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008 da 2010, garin nan ya rabu, kowa ya san unguwar da zai kwana da wadda ba ya bari magariba ta same shi a ciki. Ni ɗan Gangare ne, ba sai an yi mini fassara ba.

Da aka gama gwada jinin aka ɗaura, ana ta kiran assalatu daga masallatan unguwa. Na same shi zaune a benci yana danne da auduga a hannu, na durƙusa zan yi godiya, bakina ya ƙi. Ya ce: "Malam, tashi don Allah. Matata ma a nan ta haihu bara. Saya mini shayi kawai, sanyi nake ji." Muna shan shayin ne yake gaya mini kullum kashe wayarsa yake yi kafin ya kwanta, daren nan ne barci ya ƙi zuwa, ya tashi ya zauna yana addu'a, wayar tana gefensa a kunne. Na lissafa lokacin. Sulusin dare na ƙarshe ne, lokacin da aka ce Ubangiji yana cewa wa zai roƙe Ni in ba shi.

Daga baya na tambayi likita maganar Inna. Ta ce idan jini ya yi ƙasa sosai ƙwaƙwalwa ba ta samun isasshiyar iska, mutum yakan ga abubuwa, yakan yi magana da waɗanda ba sa nan, sun saba gani. Na tambayi Malam Liman na masallacinmu. Ya karanta mini aya ta 42 a Suratuz Zumar, cewa Allah ne yake karɓar rayuka lokacin mutuwarsu da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, sai Ya riƙe wanda Ya hukunta wa mutuwa Ya saki ɗayan zuwa ajali ambatacce. Ya ce in gode wa Allah, kada in gina hukunci a kai, kada kuma in bari a mayar da ita labarin karama a gidajen biki. Na karɓi maganar likita, na karɓi ta Malam, ban ga inda suka yi karo ba. Ita kuwa mai abin ba ta tuna komai, sai dai ta ce ta farka tana jin ƙanshin turaren wutan da Inna take sawa. Yarinya ta ci sunan Inna, Ummi muke kiranta.

Sista, ban san ko za ki ga wannan ba. Tsawar da kika yi mini, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuriya. Likitar da ta tsaya a kanta har gari ya waye ba ta zauna ba, Allah Ya ƙara basira, Ya tsare ki daga sharrin dare da na rana. Baba maigadi, Allah Ya sa ka gama lafiya. Ɗalibar Jami'ar Jos da ta taso daga Naraguta da sassafe ta ba da leda ta uku ta tafi ko ruwa ba ta sha ba, Allah Ya ba ki sa'ar karatu da miji nagari. Mai shayin bakin ƙofa da ya ƙi karɓar kuɗina. Abokan sana'a na kasuwar Katako da suka haɗa abin da suka haɗa kafin in buɗe baki. Maƙwabciyarmu Maman Biyu da ta kwashe yaran ta riƙe su tare da nata, har makaranta ita take kai su. Almajiran Malam da suka yi sauka. Gwaggo da Hajiya, ku ba a yi muku godiya, sai dai Allah Ya ja kwana, Ya sa mu ma mu yi muku abin da zai faranta muku.

Akwai 'yan'uwa na jini da suke nan Abuja, tafiyar da mutum zai yi sallar asuba a can ya yi azahar a Jos. Mun ga hoton jaririya a shafukanku, mun gode. Kowa da uzurinsa, ba na riƙe kowa a zuci. Maijego ce dai da ta farfaɗo take tambaya wane ya zo, wance ta zo, ni kuma ina cewa suna hanya.

Na ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020 kaɗai, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. A da da na gani zan wuce. Yanzu na san kowace ɗaya a cikinsu akwai wanda ya tsaya a baranda yana jira. Ya Allah Ka jiƙan waɗanda suka tafi ta wannan hanya, Ka karɓi shahadarsu, Ka raya marayun da suka bari. Ka jiƙan Inna, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata mata makwanci. Masu ciki Ka sauke su lafiya, masu nema Ka ba su masu albarka, waɗanda ke kwance a asibitoci Ka tashi kafaɗunsu. Wanda ya ba mu jini, da wanda ya ba mu kuɗi, da wanda ba shi da komai sai ya ɗaga hannu cikin dare, Ya Allah Ka tsaya musu ranar da za su nemi mai tsaya musu. Ka zaunar mana da Filato lafiya. Amin.

Masu zuwa barka, likita ta ce maijego ta huta sosai, don haka a daure a riƙa zuwa bayan la'asar, kada a daɗe. Duk mai O negative da ya yarda a riƙa nemansa, ya turo mini saƙo, ni da Baba maigadi mun fara rubuta sunaye. Wanda kuma yake da aikin ƙofa, taga ko tankin ruwa, ya neme ni, ni da kaina zan kai shi Gada Biyu.