Ƙwayar ƙarfen ostenayit ba ta gyaruwa da wuta kaɗai

Ƙarfen kabon yana da wani gata. Idan ƙwayoyinsa, wato ƙananan gungun atom masu jeri ɗaya da suka haɗu suka zama ƙarfen, sun yi girma, sai a mayar da shi tanderu, tsarinsa ya sauya yayin hucewa, ƙwayoyin su fito ƙanana. Ƙarfe mara tsatsa na ostenayit (sunan wani irin jerin atom a cikin ƙarfe), kamar nau'in 304 mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, ba shi da wannan gatan. Jerin atom ɗinsa iri ɗaya ne tun daga zafin ƙira har ya yi sanyi. Wuta kaɗai sai dai ta ƙara wa ƙwayar girma. Matsa da murza ne ke rage ta.

Idan aka matsa ƙarfen tsakanin digiri 900 da 1200 na Celsius, ƙwayoyin kan miƙe su yi tsawo, karkacewa ta yi ta taruwa a cikin jerin atom. Wannan ƙarfe ba ya saurin warware karkacewar da kansa, shi ya sa take cunkushewa har bakin tsofaffin ƙwayoyi ya fara kumburowa. A nan sababbin ƙwayoyi ke tsirowa, su kewaye tsohuwar kamar duwatsun wuya, sannan su ci gaba da cinye ta zuwa tsakiya. Sukan fara tun kafin ƙarfin matsawa ya kai ƙololuwa, daga nan ƙarfin ya sauka.

Zafi da saurin matsawa tare suke aiki, kuma masana kimiyya Zener da Hollomon sun haɗa su a lissafi guda a 1944. Zafi sosai da matsawa a hankali kan sa sabuntawar ta kammala, amma ƙwayar ta fito ƙatuwa. Ƙarancin zafi da matsawa cikin sauri kan ba da ƙananan ƙwayoyi, sai dai aikin kan tsaya a rabi: ƙanana a gefe, manya a tsakiya. A ganina wannan gaurayen ya fi ƙwaya matsakaiciya mai daidaito illa.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne matsawar ƙarshe. Idan aka ɗan taɓa ƙarfen kawai don daidaita awo, sannan aka mayar da shi wuta, ƙwayoyi ƙalilan ne za su tsiro, su yi girma fiye da kima. Haka ma wurin da ya manne da bakin injin, wanda gogayya ta hana shi motsi. Irin wannan ƙwaya tana rage ƙarfi, tana kuma warwatsa sautin na'urar binciken tsaga.

Da an gama, ƙwayoyin ba sa tsayawa; cikin daƙiƙoƙi suke ci gaba da girma. Kuma idan ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kabon kan kama kuromiyam a bakin ƙwayoyi, tsatsa ta samu hanya. Maganinsa a kai shi wajen digiri 1050, a riƙe gwargwadon kaurinsa, a tsoma shi a ruwa nan take.