Duhun da ya ruɗe mu a hoton MRI

Ɓarɓashin nano (ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu) na tsatsar ƙarfe muka haɗa, muka lulluɓe shi da wani sinadari mai suna PEG don ya daɗe yana yawo a jini, sannan muka liƙa masa trastuzumab, antibodin nan (furotin garkuwar jiki mai kama abu ɗaya takamaimai) da Amurka ta amince da shi a 1998, mai kama furotin HER2. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na sankarar mama na ɗauke da HER2 fiye da kima. Burinmu shi ne ɓarɓashin ya nemo irin wannan ƙarin na sankara ya manne, wurin ya yi duhu a nau'in hoton MRI da ake kira T2. A farantin gwaji ba mu sha wahala ba: ƙwayoyin sankara na BT-474 masu HER2 da yawa sun kama, na MDA-MB-231 da ba su da shi da yawa sun ƙi. Da muka yi wa ɓeraye masu ƙarin allura, ƙarin ya yi duhu sosai, muka yi ta murna.

Sai aka zo kan ɓerayen kwatance, waɗanda aka ba ɓarɓashi iri ɗaya amma da antibodin da babu ruwansa da HER2. Nasu ƙarin ma ya yi duhu, kusan daidai da na farko. Wallahi har yau in na tuna raina sai ya sosu, domin trastuzumab ba arha ba ne, lokacin na'urar MRI ma haka.

Da muka yanka ƙarin muka sa rinin da ke mayar da ƙarfe shuɗi, gaskiya ta fito. Yawancin ƙarfen yana bakin jijiyoyin jini, a cikin makirofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye duk baƙon abu. Ƙwayoyin sankarar da muke nema kuwa kaɗan ne suka samu. Hanta da saifa su suka kwashe kaso mafi tsoka. Jijiyoyin ƙari suna yoyo, ɓarɓashi na zuba ciki ko da antibodi ko babu, abin da Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan tun 1986. Kowa a fagen ya karanta wannan, amma ganin duhun a allo yakan mantar da mutum. A 2016 ƙungiyar Warren Chan a Toronto ta tattara binciken shekara goma, ta ga cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari kacal na abin da aka yi allura ne ke isa ƙari.

Akwai kuma abin da faranti bai nuna mana ba. Da zarar ɓarɓashi ya shiga jini, furotin ya yi masa rawani, ya rufe bakin antibodin. Haɗin sinadaran EDC da NHS da muka liƙa antibodin da shi ma bai zaɓar gefe, wasu antibodin a kife suke manne.

Don haka in za ka yi wannan aiki, ɓerayen kwatance su shiga na'ura rana ɗaya da sauran, kada ka ajiye su sai ƙarshe. Gwada kamun a cikin ruwan jini na gaske tun a faranti. Ba wa wasu ɓerayen trastuzumab zalla tukuna ya toshe HER2. In duhun bai ragu ba, ba antibodinka ne ya kawo shi ba. Mu yanzu mun koma kan guntun antibodi da ɓarɓashi mafi ƙanƙanta, kuma ba ma yarda da kowane hoto sai mun ga yankan ƙarin a madubin ƙara girma.