Abin da ƙarfe ya faɗa a jikin tsohuwar libarba

Aikina gyaran makullai da keken ɗinki ne a unguwar Zengu ta Damagaram, amma duk abin da ke da ƙarfe mai juyawa sai a kawo mini. Haka wani dattijo daga unguwar Birni ya zo da libarbar kakansa, tsohon sojan Faransa, naɗe cikin rawani. Samfurin 1892 ce, ƙirar Saint-Étienne, mai cin harsashi shida na milimita 8. Gangarta, wato ɓangaren mai juyawa da ake zuba harsashi a ramukansa, ta hannun dama take buɗewa, saɓanin yawancin na yanzu. Ba mamaki a same ta a nan, tunda Damagaram ce babban birnin mulkin mallaka har 1926.

Abin da ya dame shi zanen da ke jikin gangar ne. "Malam, ko tsagewa za ta yi?"

Na fara tabbatar da babu harsashi. Siririn layin da ya zagaye gangar bai tayar mini da hankali ba: ɗan ƙarfen da ke tsayar da ita ne yake shafar ta in tana juyawa, kusan kowace libarbar da aka yi aiki da ita tana da shi. Ƴan ramukan tsatsa na gefe guda kuwa aikin kube ne. Fata tana riƙe laimar damina, kuma an bar bindigar ciki shekara da shekaru.

Na ukun ne ya ɗauki lokacina. A fuskar gangar ta gaba akwai goga mai sheƙi, a bakin ramuka biyu kawai, sauran huɗun lafiya lau. Da ganga ce take wasa gaba da baya, da gogar ta zagaye fuskar duka. Sai na kunna kyandir, na bar hayaƙi ya baƙanta wurin, na mayar da ita na juya a hankali ina kallon ƴar tazarar da ke tsakaninta da bututu a hasken ƙofa. Hasken ya riƙa buɗewa yana rufewa. Da na fito da ita, baƙin ya goge daidai kan ramukan nan biyu. Sandar tsakiya da ke juyawa tare da gangar ta ɗan lanƙwashe ke nan.

Na ce, "Baba, yara na wasa da ita?" Ya yi dariya. Ashe jikoki sun daɗe suna wurga gangar ta rufe da kanta, yadda suke gani a fim. Wannan wurgin ne ke karkata sanda, ga kuma bakin gurabun da ɗan ƙarfen tsayar da gangar ke shiga sun fara dakuwa. Ƙurar hunturu da ta cakuɗe da tsohon mai ita ta ƙarasa cin ƙarfen.

Ban miƙar da sandar ba, wannan aikin masanin makamai ne. Na wanke, na shafa mai kaɗan, na ce kada a kuskura a harba ta, domin in rami bai daidaita da bututu ba dalma gefe take fesowa. Na kuma roƙe shi ya raba ta da kuben, ya kulle ta, ya je wajen jandarma a yi maganar takardunta.