Tallar littafi da baki: abin da na ɗauko daga ɗakin karatunmu

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya. Wanda ya san ɗakin karatunmu ya san yadda shekararsa take tafiya. Daga watan Maris har ruwa ya sauka kujeru cike suke, domin JAMB da WAEC da NECO sun matso, zafin Sakkwato kuma ya koro yara zuwa ƙarƙashin fankarmu in an kawo wuta. Kowa da littafinsa na tambayoyin shekarun baya yake zuwa, da shi yake komawa. Kantocin littattafan hikaya ba mai ko ɗaga kai ya dube su. Da jarabawa ta wuce sai wurin ya koma na dattawa masu karanta jarida da samari masu cajin waya.

Wannan ne ya sa na fara tallar littafi da baki. Bayan la'asar, lokacin da kan yara ya ɗau zafi sun fara hamma, sai in tsaya a gefen teburin aro, in ɗaga littafi ɗaya yadda kowa zai ga bangonsa, in yi magana ta minti uku zuwa biyar. Ba na farawa da tarihin marubuci. Daga inda matsala take nake shiga. Idan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, sai in ce ga yaro ƙarami an sace shi, ga uwarsa ta ƙi yarda ya tafi ke nan, ta kama hanyar nemansa ita kaɗai. In karanta sakin layi ɗaya da murya, in rufe littafin, in ajiye, in koma kujerata. Nan take wani zai ce, "Malama, to mi yaf faru? Ta gane shi?" Sai in nuna masa tebur. Dabarar mai kilishi ce, ya yanko maka ɗan ɗanɗano ya bar harshenka ya yi sauran cinikin.

Ban ɗauki wannan a matsayin baƙon abu ba, domin mu nan ta kunne rubutu ya saba shigo mana. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta zauna jiran matan ƙauye su zo su buɗe takardunta ba. Jajis ta naɗa, wato malamai mata masu zaga ƙauyuka, suka haddace waƙoƙinta, suka kai wa 'yan taru, matan da ke ɗaukar karatu a wurinsu, da baki. Iyayenmu mata da yawa a rediyo suka fara jin littattafan hikaya kafin su taɓa riƙe ɗaya. Shi kansa Abubakar Imam, a littafi na farko na Magana Jari Ce da ya fito a 1937, da labari aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki har ya hana shi fita. Mutumin da ya rubuta haka ya san ƙarfin labarin da ya kama kunne. Cikin 'yan makonni da fara tallar, rajistar aro, wadda shafi ɗaya kan daɗe bai cika ba, ta fara neman sabuwa.

Sai aka kawo mana sabon shugaba.

Ƙorafinsa na farko shi ne hayaniya. Wannan na karɓa, ɗakin karatu wurin shiru ne, akwai masu haƙƙi a kansa. Muka koma ƙarƙashin dogonyaron da ke harabar, masinja yana taimaka mana da benci. Ba a jima ba ya sa aka kira ni ofis. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Malama, nan ma'aikatar ilimi ce, ba dandalin tatsuniya ba." Daga nan ya shimfiɗa sharuɗɗa: in rubuta duk abin da zan faɗa in kawo masa mako guda kafin ranar, in kai kowane labari ƙarshensa, in rufe da darussan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma kada in taɓa littafin da ba ya cikin manhajar makaranta. Littattafan soyayya kuwa ya sa a kwashe su gaba ɗaya a kai sito.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗa musu ƙarshen labarin, me ya rage da zai sa su ɗauki littafin?" Amsar da ya ba ni ita ce har yau take ci mini rai. Ya ce wanda ba shi da digiri a fannin ɗakin karatu ba zai koya masa aiki ba. A gaban magatakarda ya faɗa.

Na bi umarni, domin a ƙarƙashinsa nake. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Minti biyar ya koma rabin awa, tallar ta koma darasin aji, yaran da suka gudo daga darasi tun safe suka ga wani darasin ya biyo su gindin bishiya. Suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya. Yaro in ya ji an ce "darasi na farko da za mu koya", ya san akwai tambaya a gaba, kuma karatun nishaɗi ba ya rayuwa inda ake jiran tambaya. Littafi mai kyau da kansa yake yi wa mai karatu tarbiyya, a ɓoye, can tsakar dare lokacin da ya kasa ajiye shi.

Batun littattafan soyayya ya fi yi mini ciwo, saboda 'yan mata ne suka biya kuɗin wannan hukunci. Ban ce duk abin da aka buga a Kano tun shekarun 1980 mai kyau ba ne, akwai waɗanda ni ma ba zan miƙa wa ƙanwata ba, shi ya sa nake karantawa in zaɓa. Amma waɗannan littattafai su suka koya wa ɗimbin matan Arewa zama da littafi har su kai bangon ƙarshe. Yarinyar da ta gama guda ba tare da an tsaya a kanta da bulala ba, ta samu abin da manhaja ba ta iya ba ta. Na ga wadda ta fara da su ta wuce zuwa Ruwan Bagaja tana dariyar Malam Zurƙe, daga baya ta kawo mini labarin da ta rubuta da hannunta tana son aikawa gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta. Da aka kulle sito, 'yan matan ba su daina karatu ba. Waya suka koma, suna bin labaran da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp, inda babu mai tace musu komai. Wanda ya ce tarbiyya yake karewa, ga inda ya tura su.

Ranar da manyan baƙi suka zo duba aiki, rajistar aron nan tawa, ta watannin da abin ke tafiya, ita aka shimfiɗa a kan tebur. Shugaba ya gabatar da ita a matsayin shirin da ya ƙirƙiro don farfaɗo da al'adar karatu. An sa wani ɗalibi ya haddace jawabi ya karanto, aka tafa. Ni an ba ni aikin raba ruwa da lemo. Bayan mako biyu takarda ta fito an mai da ni ɗakin yi wa sababbin littattafai lamba, inda ba na ganin yaro ko ɗaya. Na daure iya daurewa, sannan na rubuta takardar ajiye aiki. Na yafe abin da ya shafe ni. Abin da ya shafi yaran ba nawa ba ne balle in yafe.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Kada ka tallata littafin da ba ka karanta har ƙarshe ba, yara suna ganewa. Kada ka tallata wanda kwafi ɗaya gare ku, faɗa za ka haɗa. Ka riƙa ajiye hoton duk rajistar da ka cika da hannunka. Masinja da maigadi sun fi wasu masu ofis sanin wane yaro ne ke son karatu, ka riƙe su da mutunci.

Yanzu ranar Asabar ina ɗaukar littattafaina a jaka in tafi wani zaure a Mabera, kuma ba su isar masu aro. Ku da kuka rage a wurin, ina roƙonku abu ɗaya: kwalayen littattafan nan da ke sito a ƙasa aka jibge su, jikin bangon da ke yoyo, kuma na ga gara ta fara hawa tun kafin in tafi. In ba za a mayar da su kanta ba, a samu wanda zai ɗora su bisa benci kafin damina.