Na haɗa had disk biyu sun zama ɗaya a kwamfutata

Bidiyon biki ne ya kai ni ga wannan aikin wallahi. Editin nake yi a ɗakina a Gyaɗi-Gyaɗi, kamu da dina da walima, to tunda masu kyamara suka koma ɗauka da 4K sai kwamfutar ta fara ba ni wahala, ka ja bidiyo gaba ta tsaya cak, 'yar jar fitilar nan ta had disk ta kafe ko ƙiftawa ba ta yi, ga uwar amarya tana ta kira yaushe za a kawo.

A lokacin ba ni da kuɗin SSD, wato ma'ajiyar da ta fi had disk gudu, mai 2TB. Sai na shiga Beirut Road na sayo had disk biyu iri ɗaya, kowanne 1TB mai juyi 7200 a minti. Ku kula da iri ɗayan nan, don in ka haɗa 1TB da 500GB to 500 kawai haɗin zai ɗauka daga babban.

RAID 0 ake ce wa abin. Fayil ɗinka ake yankawa gunduwa-gunduwa, kamar 64KB ko 128KB, wannan a rubuta a na farko ta gaba a na biyu, duka a lokaci guda, kamar 'yan garuwa biyu na cika maka randa ɗaya. Sunan RAID ya fito ne daga wata takarda da David Patterson da abokan aikinsa biyu suka fitar a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1988, su kuma burinsu a samu gudu amma kar bayanai su salwanta in diski ya mutu, mataki na 1 zuwa na 5 suka lissafa, babu 0 a ciki. Shi 0 ɗin gudu kawai ya sani.

Ana iya yi ta BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, a mayar da SATA, hanyar da diski ke haɗuwa da kwamfuta, daga saitin AHCI zuwa RAID, amma in Windows na kai tun da, tana iya ƙin tashi ta ba ka shuɗin allo. Ban bi nan ba. Windows na bar ta a ƙaramin SSD ɗina, na buɗe Disk Management, wurin saita diski a Windows, na goge abin da ke kan sababbin biyun, na zaɓi New Striped Volume, ta ce za ta mayar da su dynamic, wato irin diskin da za ta iya haɗawa, na ce na yarda, aka yi fomatin NTFS. Ko minti goma ban yi ba sai ga diski ɗaya mai 1.81TB.

Irin waɗannan diski ɗaya bai cika wuce 150 zuwa 200MB a sakan ba, da na gwada da CrystalDiskMark, manhajar auna gudun diski, sai na ga kusan ninki biyu, kuma a manyan fayil na ji bambancin sosai. Ƙananan fayil kam babu wani canji.

Sati uku da haɗawa aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, aka kawo na kunna, diski ya ɓace. Disk Management na nuna ɗaya Missing, haɗin gabaɗaya Failed. Gabana ya faɗi, bikin mutum biyu ne a ciki, kuma katin kyamarar na riga na mayar wa mai shi. Ɗaya diskin lafiyarsa ƙalau amma rabin kowane fayil ne a kansa, ba abin da zai buɗu, kuma amarya ba za ta sake yin kamu don ni ba. Na buɗe akwatin hannuna na rawa, ƙura ta yi kaca-kaca a ciki, ashe wayar SATA ce ta yi sako-sako. Na cire na hure na mayar, na danna Reactivate Disk, Alhamdulillahi komai ya dawo.

A daren na kwashe duka zuwa wani had disk na waje. Washegari na sayo UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da fanka ɗaya na ɗaura a gaban diskin biyu saboda zafin Kano na watan Afrilu, kuma yanzu duk katin da aka kawo min sai na fara zuba shi a na wajen nan kafin ya taɓa RAID ɗin, ko da mai kyamara na tsaye a ƙofa yana ce min Malam yi sauri.