Ɗibar ruwan gwaji a Kubanni da rijiyoyin Samaru: inda aikin digiri na biyu yake lalacewa

Da dama daga ɗaliban digiri na biyu a fannin muhalli a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ruwa suke zaɓa don bincikensu: madatsar Kubanni, kogin Galma, ko rijiyoyin Samaru da Sabon Gari. Zaɓin yana da kyau, amma sakamakon da dama tun a bakin rafi yake lalacewa, kafin ya shiga ɗakin gwaje-gwaje.

A fara da robar ɗiba. In ƙarafa masu guba kake nema, kamar dalma da kadmiyam, robar lemo da aka ɗauraye ba za ta yi ba. Sami robar foliyetilin, ka jiƙa ta kwana guda a asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ka ɗauraye da tataccen ruwa na ɗakin gwaje-gwaje, a wurin ɗiba kuma ka sake ɗauraye ta sau uku da ruwan da za ka ɗiba. Da ta cika, ɗiga asid ɗin naitirik mai ƙarfi, wajen mililita 2 a lita guda, har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2. In ba haka ba, ƙarfen zai manne a jikin robar, na'ura ta nuna maka ruwa mai tsabta alhali ba haka yake ba. Mai son narkakken ƙarfe kaɗai sai ya fara tacewa da matata mai ramuka masu faɗin maikuron 0.45, sannan asid ya biyo.

pH da zafin ruwa a wurin ake auna su, cikin minti 15. Ruwan gwajin ƙwayoyin cuta kuwa kwalbarsa daban, wadda aka turara don kashe ƙwayoyin cuta, a sa a kula da ƙanƙara, ya isa cikin awa 6. Kada a dogara da firji, ana iya ɗauke wuta cikin dare.

Abin da ya fi damuna shi ne dalma. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, na'urar auna ƙarafa ta AAS mai harshen wuta kuwa sau da yawa ba ta iya ganin adadi ƙanƙani haka. Sai ɗalibi ya rubuta "ba a samu ba", mai rijiya ya ci gaba da shayar da 'ya'yansa. Bayan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, wannan ba abin sakaci ba ne. Tambayi mai kula da na'urar mafi ƙarancin abin da take iya gani, ka rubuta shi a kundinka, kuma ka tafi da roba ɗaya ta tataccen ruwa wadda za ta bi duk matakan, don a gane ko gurɓatar daga hannunka take.

A ɗiba sau biyu aƙalla: a Agusta, lokacin da ruwan sama ke wanko taki da shara zuwa Kubanni, da kuma Maris, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya.