Yarinyar da ta zo sitaj ce ta tono min bashin da nake bi

Miliyan 1 da dubu 340 na sefa. Wallahi har yau in na tuna adadin nan sai gabana ya faɗi, kuɗina ne halak malak suna kwance a hannun makanikai da 'yan moto, wato masu babur, na Garwa a nan Kamaru, kuma ba wani babban akanta ne ya gano min ba, yarinya ce 'yar makaranta da ta zo sitaj, wato koyon aiki na ɗalibai, shagona a babban hutu.

Kayan moto nake sayarwa, buji, sarƙa, birki, taya, baƙin mai da sauransu. Wani maƙwabcinmu a unguwar Yelwa ne ya roƙe ni in karɓi 'yar ƙanwarsa, tana karatun BTS, wato difloma ta bayan sakandare, na lissafin kuɗi kuma dole sai ta yi sitaj ta rubuta rapor kafin jarabawa, kamfanoni irin su Sodecoton da bankuna kuwa gurbi kaɗan ne masu nema sun yi yawa. Na ce to ta zo, na sa hannu a takardar da makaranta ta ba ta, na yanka mata sefa dubu 25 a wata da kuɗin moto. Mafi ƙarancin albashi tun 2023 dubu 60 ne a irin sana'armu, ita ba ma'aikaciya ba ce amma dai ban ga yadda za a yi 'yar mutane ta yini a zafin Garwa ta koma gida hannu rabbana ba.

Abin da ta fara tambaya shi ne littafin bashi. Na miƙa mata su duka, sun sha baƙin mai wasu shafukan ma sun manne. Ta zauna a lungu da tsohuwar kwamfutarta tana shigarwa a Excel, jim kaɗan sai ta ɗago, "Kawu, wane Dogo ne wannan? Dogo uku na gani." Can kuma, "Kawu an rubuta ya kawo wani abu, nawa ne wani abun?" Haba, yara na shago suka dinga dariya, ni kuwa na ce 'yata ki rubuta yadda kika gani kawai. Da ta gama ta juyo min da kwamfutar na ga jimla, sai na ce ta sake lissafi. Ta sake, haka ya fito. Ni a kaina bashin da nake bi bai wuce dubu 400 ba, ashe dubu 3 nan dubu 7 can, shekara da shekaru, su ne suka taru suka zama haka, ni kuma ina ta kukan ba ciniki, ina ranto kuɗi in saro kaya daga Yola da Mubi.

Ita ce ta tsara saƙo mai ladabi da Faransanci da Fulatanci, muka tura wa kowa ta WhatsApp da layin shago, tare da lambar Orange Money da MoMo na tura kuɗi ta waya don kar wani ya ce ba shi da lokacin zuwa. Sama da rabi ya dawo alhamdulillahi. Wasu sun rasu na yafe, wasu sun koma Ngaundere ko Marwa ba labari. Wanda ya fi ƙona min rai wani mai gareji ne da muke sahu ɗaya a masallaci, dubu 85 ake binsa, ya dafa ƙirji ya ce ya biya tun bara. Ba sa hannu ba rana, me zan ce? Har yanzu muna gaisawa amma Allah ya sani.

Masu ƙananan shaguna, in ɗalibi ya zo neman sitaj kar ku kore shi, kuma don Allah kar ku mai da shi ɗan aiken shayi da ƙosai kamar yadda wani a layinmu yake yi sannan ya ce wai yaran yanzu ba su iya komai ba. Ku ba shi aikin da kuka daɗe kuna ɗagawa, wanda ku da yaranku ba ku da lokacinsa. Farkon zuwa zai dame ku da tambaya, ciniki ma zai ɗan tsaya, ku haƙura. Makullin durowar kuɗi dai ya zauna a aljihunku, haka layin da kwastoma suke kira ya zama na shago ba na ɗalibin ba domin wata biyu ne zai tafi.

Yanzu bashi a wurina sai da rana da cikakken suna da sa hannu, wanda ya kai dubu 20 kuma ba ƙari sai ya rage. Na riga na gaya wa maƙwabcin nan hutu mai zuwa ya samo min wani ɗalibin, akwai sito a baya cike da kayan da tun zamanin korona ba wanda ya ƙirga su.